Hasken ɗaukar hoton mutum a cikin ɗaki: me zan haɗa da kuɗi kaɗan wanda zai shiga jaka ɗaya?

Sabon_Hannu
Assalamu alaikum. Yayye da malamai, shawara nake nema. Ina son haɗa kayan haske na ɗaukar hoton mutum ɗaya ko biyu a cikin ɗaki, daga kai zuwa ƙirji, wani lokacin har gwiwa. Sharuɗɗana uku ne: kada su ci kuɗi da yawa, su shiga jakar da mutum zai rataya, kuma su yi aiki da batir ba sai an nemi soket ba. Kyamarar mai canjin lens ce, lens ɗin 50mm f/1.8. Abin da nake gani ana tallatawa iri uku ne: fitilun LED masu faɗi guda biyu da ƙafafunsu, fitilar zobe, ko filash ɗaya da laima. Wanne ya fi? In kuma filash ne, me da me ake haɗa shi da su?

Baffa_Filash
Wa alaikumus salam, ƙanina. Ɗauki filash ɗaya da laima, ka bar sauran tukuna.

Filash ɗin ya zama wanda kai ne kake saita masa ƙarfi da hannu, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560 IV. Dukansu suna da rediyo a ciki, suna cin batir AA huɗu, ƙarfinsu yana sauka daga 1/1, wato cikakken ƙarfi, har 1/128. Sai tiriga da za ta hau saman kyamara ta riƙa kunna shi daga nesa. Sai ƙafar fitila mai naɗewa wadda take kai kusan mita biyu a tsaye. Sai maƙalli, ƙarfen nan mai lanƙwasa da yake hawa kan ƙafar, yana da mazaunin filash a sama da ramin da sandar laima take shiga. Sai farar laima wadda haske yake ratsawa, mai faɗin santimita 84 ko 110. Ka cika da faifan mayar da haske mai naɗewa, da batura takwas masu caji.

Abin da ya sa na ce filash: duk haskensa yana fita ne lokaci guda, a ƙasa da ƙiftawar ido. Wannan ya sa ƙaramin abu mai batir huɗu yake iya ba ka ƙofar lens f/5.6 a ISO 200 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske) ta cikin laima, kuma ko mutum ya ɗan motsa hoton ba ya dishewa. Ƙaramar LED mai batir ba ta kusa da wannan ƙarfin.

UmmuHaske
Baffa, ban ƙi maganarka ba, amma a faɗa masa ɗaya ɓangaren. Wanda bai saba ba, filash wahalar da shi yake yi da farko, don ba ya ganin inda inuwa za ta faɗa sai ya danna. Da fitila mai ci tsaye kuwa, yana matsar da ita yana kallon inuwar hanci tana gajarta tana tsawo a gabansa. Koyo ya fi sauri haka. Kuma in wata rana aka ce ya ɗauki bidiyo, filash ba shi da abin da zai yi masa.

Sai dai ban yarda da waɗannan masu faɗin guda biyu da ake sayarwa tare da ƙafafu ba. In LED za a saya, a sayi mai ido ɗaya ta wat 60 wadda ake ɗaura wa akwatin haske a gaba, wato akwatin ƙyalle mai sa haske ya yi laushi. Godox ML60 misali ce, tana aiki da batir NP-F970 guda biyu. A duba kuma CRI ɗinta, wato ma'aunin yadda fitila take fitar da launi daidai, ya kai 95, in ba haka ba launin fata zai riƙa fita kore-kore ko fari fat kamar mara lafiya.

Inuwa_50mm
Anti Ummu, wannan da kika ambata ta fi ƙarfin sharaɗinsa na farko. Fitilar, da batura biyu manya, da cajarsu, da akwatin hasken, kuɗinsu ya ninka na kayan da Baffa ya lissafa, nauyin ma haka. Ƙananan kuwa, da zarar ka sa musu farin ƙyalle a gaba don haske ya yi laushi, sai ka tarar kana ISO 800 ko 1600, ƙofar lens a f/2, shata (labulen da yake buɗewa haske ya shiga kyamara) a 1/60 na sakan. A f/2 da 50mm daga kusa, ido ɗaya ne zai fito tas in mutum ya ɗan karkata. Ga kuma mutane da yawa suna ƙanƙance ido in an haska musu fitila mai ƙarfi na tsawon lokaci.

Hauwa_Hoto
Fitilar zobe dai a cire ta daga lissafi. An yi ta ne don mai magana da waya a gabansa. Haskenta daga wajen lens yake fitowa, sai ya shafe inuwar fuska duka, kumatu da hanci su zama shafal. Da ka ja baya mita biyu kuma ƙarfinta ya ƙare.

Sabon_Hannu
Na gode ƙwarai. Baffa, tirigar kowace iri ce za ta yi, ko sai ta kamfanin filash ɗin?

Baffa_Filash
Sai ta kamfaninsa. Rediyon Godox ba ya magana da na Yongnuo. In TT600 ka ɗauka, nemi X2T ko XPro. In YN560 IV ne, nemi YN560-TX. Sannan tirigar Godox tana da harafi a ƙarshen sunanta: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O na Olympus da Panasonic. Wannan harafin shi ne abin lura. Shi filash ɗin tunda a kan ƙafa zai zauna ba a kan kyamara ba, bai damu da irin kyamararka ba. Ka sa su a lambar tasha ɗaya da rukuni ɗaya, misali tasha 5 rukunin A, sai ka riƙa ƙara ƙarfi da rage shi daga inda kake tsaye.

Gyaran_Kyamara
Ƙari a kan na Baffa, abu biyu da suke jawo asara.

Wasu ƙananan kyamarorin Canon, irin 2000D da 4000D da 250D, an yi su ba tare da babban ƙarfen tsakiya na mazaunin filash ba. Duk filash ko tiriga mai fil ɗaya a ƙasa ba za ta tashi a kansu ba. Mai irin wannan kyamara ya tabbatar tirigar da zai saya tana cikin waɗanda aka ce suna aiki da ita, ya kuma sabunta manhajarta.

Na biyu, kada arha ya ja mutum ya ɗora tsohon filash na zamanin fim kai tsaye a kan kyamarar yanzu. Wasu tsofaffin, kamar farkon fitowar Vivitar 283, wutar da take bi ta ƙafarsu tana iya haura volt 200, tana iya ƙona kyamarar. In har za a yi aiki da shi, a auna shi da mita tukuna.

Dattijon_Studiyo
Yara, kun yi ta maganar abin saye, ba wanda ya faɗa masa inda zai ajiye fitilar, alhali nan ne hoton yake gyaruwa ko ya lalace.

Zaunar da mutumin nesa da bango, aƙalla mita ɗaya da rabi, in ɗakin ya bari mita biyu. Ka tsaya gabansa. Kai ƙafar fitilar gefe, kusan digiri 45 daga layin da ke tsakaninka da shi. Ɗaga laimar har tsakiyarta ta ɗara kansa kaɗan, ka karkato da ita ƙasa tana kallon fuskarsa. Tazarar laima da fuska ta zama kamar mita ɗaya, ko ma ƙasa da haka in ba za ta shigo cikin hoton ba.

Daga nan inuwar hanci ita ce malamarka. In ta fito 'yar gajeriya ta gangaro gefe ba ta taɓa leɓe ba, wannan shi ne hasken da yake karɓar kusan kowace fuska. In ka ƙara kai fitilar gefe har inuwar hancin ta haɗe da ta kumatu, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu, wannan ake kira hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Ya fi nauyi, ya fi dacewa da hoton da ake son kwarjini a cikinsa.

Ka duba cikin ido kuma. Dole a ga ɗan ƙyallin laimar a saman ƙwayar idon, wajen ƙarfe goma ko ƙarfe biyu in ka ɗauki idon a matsayin agogo. In babu shi, fitilar ta yi sama da yawa, idanun za su faɗa rami. Sauke ta. In kuma inuwar hanci tana hawa sama, ta yi ƙasa da yawa.

Faifan mayar da haske ya zauna a ɗaya gefen, farin ɓangarensa yana fuskantar laimar. Matso da shi, inuwa ta yi sauƙi. Janye shi, ta yi duhu. Shi ne fitilarka ta biyu, ba ya cin batir.

Hauwa_Hoto
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gwada shi ne kusancin nan. Suna ganin in haske ya yi kaushi, ja da fitila baya ne magani. Akasin haka ne. Laushin haske ya dogara ne da girman laimar a idon wanda ake ɗauka. Laimar santimita 110 a mita ɗaya babba ce, a mita huɗu ta zama ƙarama, bakin inuwa ya yi kaifi. In haske ya yi yawa, ƙarfin filash za a rage, ba ƙafar za a ja ba.

Inuwa_50mm
Ga saitin farawa, tunda an zo nan. Kyamara a M, wato saitin hannu. Shata 1/160 ko 1/200. Ƙofar lens f/4 ga mutum ɗaya, f/5.6 ga biyu. ISO 200. Kafin ka kunna tiriga, ɗauki hoto ɗaya babu filash. In ya fito kusan baƙi, to hasken ɗakin ba zai sa baki a hotonka ba, abin da ake so ke nan. Sai ka kunna, ka fara da ƙarfi 1/8, ka duba.

Ka riƙe wannan: ƙofar lens da ISO suna shafar filash da hasken ɗaki duka. Ƙarfin filash, filash kaɗai yake shafa. Shata kuwa hasken ɗaki kaɗai take shafa, muddin ba ka wuce iyakar gudun da take aiki da filash ba. Saboda haka in kana son fitilar gefen gado ko taga su bayyana a baya, rage gudun shata zuwa 1/60 ko 1/30, fuskar ba za ta canza ba.

Baffa_Filash
Inuwa, 1/8 zai iya yin yawa a f/4 da ISO 200 in laimar tana mita ɗaya. Ni zan ce ya fara da 1/16. Daga 1/16 zuwa 1/8 mataki ɗaya ne, wato ninki biyu na haske, daidai da tazarar f/4 da f/5.6 ko ISO 200 da 400. Duk wanda ya gane matakin nan, hoto uku sun ishe shi ya daidaita.

Inuwa_50mm
Na karɓa, Baffa. Ya danganta da kaurin ƙyallen laimar, amma 1/16 ya fi kusa.

Mai_Koyo22
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Me yake sa wani baƙin layi mai faɗi ya rufe ƙasan hoto in an yi aiki da filash? Kuma a kyamara mara madubi, da an sa saitin da Yaya Inuwa ya faɗa sai allon ya yi duhu, ba a ganin mutumin balle a saita ido.

Gyaran_Kyamara
Baƙin layin daga shata ne. Labule biyu gare ta: na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. Har zuwa 1/200 ko 1/250 a yawancin kyamarori, akwai lokacin da sensa, wato wurin da hoto yake sauka a cikin kyamara, take buɗe gaba ɗaya, a nan filash yake tashi. In ka wuce wannan gudun, na biyu yana fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai filash ya haska abin da ya samu a buɗe kawai. Duba littafin kyamararka ka ga iyakarta, ka tsaya a kai ko ƙasa kaɗan, don rediyo ma yana ɗan jinkiri. Akwai wani saitin filash mai suna HSS da yake ba da damar wucewa, amma yana cinye ƙarfin filash sosai, kuma a cikin ɗaki ba ka buƙatarsa.

Duhun allo kuma, kyamarar ce take nuna maka yadda hoton zai fito ba tare da filash ba. Shiga saiti ka kashe wannan kwaikwayon hasken, allon zai dawo da haske. Ka kuma tabbatar ba a shata mara ƙara kake ba, don kyamarori da yawa ba sa tayar da filash a kanta.

Zahra_Lens
Ni inda na saɓa da Baffa shi ne laimar. A ƙaramin ɗaki mai farin fenti, laimar da haske yake ratsawa ɓarna take yi. Rabi ya wuce gaba, rabi ya koma baya ya bugi bango da silin ya dawo ta ko'ina. Sakamakon shi ne hoto mai haske amma babu inuwar da za ta fitar da siffar fuska, bangon baya ma ya yi fari ko ba ka so. In bangon shuɗi ne ko kore, launin zai hau fata. Akwatin haske mai santimita 60 ko 80 wanda yake buɗewa kamar laima, da raga a gabansa, ya fi riƙe haske a inda aka nufa. Maƙallin Godox S2 yana riƙe filash ɗin a jikinsa, ba a ƙafarsa ba, ya kuma karɓi duk akwatin da ke da irin bakin haɗi da ake kira Bowens.

Baffa_Filash
Gaskiyarki a kan watsuwar haske, Hajiya Zahra. Amma akwati da S2 sun fi tsada, sun fi cin wuri a jaka, kuma nauyinsu yana neman ƙafa mai ƙarfi. Akwai hanyar tsakiya: laima mai baƙar riga da ake cirewa. In ka cire rigar, haske ya ratsa, ka juya bayan laimar wajen mutum. In ka mayar da rigar, ka juya cikin laimar wajen mutum, filash ya ba shi baya, hasken ya bugi ciki ya dawo, baƙin ya tare wanda zai tsere. Har za ka iya ɗan rufe laimar rabi don hasken ya ƙara tattaruwa.

Zahra_Lens
Wannan ta rage matsalar, ba ta kai raga ba. Amma ga mai farawa, na yarda ta isa.

Dattijon_Studiyo
Kowacce aka ɗauka, a duba cewa hasken ya cika ta. Tura sandar laimar har filash ya yi nisa da ƙyallen, sa zum ɗin kan filash, wato saitin faɗin haskensa, a 24mm ko 35mm, sannan ka ɗauki hoton laimar kanta da ƙarfi kaɗan. In tsakiyarta kawai ya yi fari, kana aiki ne da ƙaramin haske ko da laimar babba ce. In hasken ya zubo ta gefenta, matso da filash ɗin ko ka ƙara zum.

Maganar farin bango kuma tazara tana maganinta. Haske yana raguwa ne da ninkin nisa a kan kansa: nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Laima tana mita ɗaya daga fuska, bango yana mita uku daga laima, abin da zai isa bangon kashi ɗaya cikin tara ne, sama da mataki uku ke nan. Farin bango zai koma toka-toka ba tare da ka sayi labulen baya ba. Sai dai, kamar yadda Zahra ta ce, a ɗaki ƙanƙane hasken da ke yawo yana rage wannan.

UmmuHaske
Akwai abin da ba a taɓa ba: fata mai duhu. Ita siffarta tana fitowa ne ta ƙyallin da haske yake yi a goshi, kumatu da karan hanci. Ƙaramin haske mai kaifi yana barin fararen ɗigo masu ƙuna, sauran fuskar ta nutse. Babbar laima daga kusa tana shimfiɗa ƙyallin ya yi faɗi da laushi. Wata dabara, kada a nufi fuskar da tsakiyar laimar. A ɗan juya ta ta wuce gaban mutumin kaɗan, gefen hasken ya shafe shi, ragowar ya tafi kan faifai ya dawo. A goge maiƙon goshi da tishu kafin a fara, ya fi sauƙi a kan gyara a kwamfuta. Kuma kada a ƙara haske don a mayar da mutum fari. A bar masa launinsa, a tabbatar dai akwai bayani a cikin inuwar.

Faifan ma, farin ɓangare ko na azurfa. Na zinariya yana sa rabin fuska ja, rabi ba ja ba.

Mai_Koyo22
Anti, mai tabarau fa? Laimar tana fitowa ɓaro-ɓaro a gilashin.

UmmuHaske
Gilashi yana mayar da haske ne da irin kusurwar da ya zo masa. Ka canza kusurwar kawai. Ɗaga fitilar sama kaɗan ko ka ƙara kai ta gefe. Ko mutumin ya ɗan sunkuyar da haɓa. Ko ya ɗaga hannayen tabarau ɗin sama da kunne kaɗan, gilashin ya kalli ƙasa, daga gaba ba a lura. In duk bai yi ba, ya juya fuskarsa zuwa ɓangaren da babu fitila.

Launi_Daidai
Ku ba ni dama a kan launi, don shi ne yake tona hoton ɗaki. A ma'aunin launin haske da ake rubutawa da K, hasken filash yana wajen 5500K zuwa 5600K, kusa da na rana. Ƙwan ɗaki mai ja-ja yana wajen 2700K zuwa 3200K. In duka biyun suka shiga hoto ɗaya, ɓangaren filash zai yi daidai, inuwa ta yi ruwan lemo, kuma babu saitin fari guda da zai gyara su tare.

Hanya mafi sauƙi: kashe fitilun silin, ka bar wata ƙarama a nesa don kyamara ta samu ta kama ido. In kuwa kana son hasken ɗakin ya fito a baya, manna ledar launi mai ruwan lemo da ake kira CTO a kan filash, ka sa daidaiton farin kyamara a kan ƙwan ɗaki. Cikakkiyar CTO tana mayar da filash kusan 3200K, rabinta tana tsayawa a tsakiya. Ledar tana cin ɗan haske, sai ka ƙara ƙarfi kaɗan. Kada ka bar daidaiton fari a kan na kai-tsaye, zai riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa mutumin ya riƙe kati mai launin toka a hoton farko don ka daidaita fari da shi a kwamfuta.

Ga masu LED kuma, in kun ga layi-layi a kwance a hoton, ƙyaftawar fitila ce. Inda wutar gari take 50Hz a gwada shata 1/50 ko 1/100, inda take 60Hz a gwada 1/60 ko 1/125. Fitilu masu arha sun fi yin haka in an rage musu ƙarfi.

Sabon_Hannu
Allah ya saka da alheri. Na karkata ga filash. Amma TTL fa? Ana cewa shi yake saita kansa. Kuma batir na yau da kullum ba za su yi ba?

Inuwa_50mm
TTL na wanda yake bin mutane a taro ne, nisa yana canzawa kowane lokaci. Kai mutuminka a zaune yake, fitila a tsaye. Da ka daidaita sau ɗaya, hoto ɗari za su fito iri ɗaya. TTL kuwa yana iya ruɗewa da farar riga ko baƙin bango. Ajiye kuɗin.

Batir, ka sayi masu caji na NiMH, irin Eneloop. Na alkalin suna jinkirin cika filash, suna saurin mutuwa, kuma in an manta su a ciki suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Da NiMH masu 2500mAh, kamfanin ya ce TT600 yana yin kusan tashi 230 a cikakken ƙarfi, yana cika cikin sakan 2.6. A 1/16 kuwa kusan nan take yake cika, saiti ɗaya ya kai ka nesa. Ka yi wa kowane huɗu alama su riƙa tafiya tare, ka nemi cajar da take cajin kowane batir daban. In ka ga kana yawan zama a 1/1 ko 1/2, ɗaga ISO zuwa 400 ka sauke ƙarfin. Yawan bugawa a cikakken ƙarfi a jere yana sa filash ya yi zafi ya tsayar da kansa na ɗan lokaci.

Gyaran_Kyamara
Abin da ya fi karya filash ba zafi ba ne, faɗuwa ce. Buɗe ƙafafun uku sosai. Ɗaya daga cikinsu ta kalli ɓangaren da laimar ta rinjaya. Fara zaro sashen sanda mai kauri kafin siririn. Rataye jakarka a gindin ƙafar ta zama nauyi. Fanka ko iskar taga sun isa su kayar da laima. Maƙallin roba mai arha kuma yana sakin wuya a hankali, in da hali a ɗauki na ƙarfe. Don jaka, nemi ƙafar da take naɗewa ta baya, tana komawa kusan santimita 50, da laima mai naɗi biyu.

Hauwa_Hoto
In kuɗin bai kai na komai ba, ga abin da za a iya jinkirtawa. Faifai: farin kwali babba ko allon kumfa yana yin aikinsa. Laima: juya filash ya bugi farin bango a gefen mutumin daga tazarar mita ɗaya, bangon ya zama babbar fitila mai laushi, sai dai ka ƙara ƙarfi mataki ɗaya ko biyu, kuma bangon ya zama fari da gaske. Tiriga: in kyamarar tana da ƙaramin filash a kanta, sa babban a S1 ko S2, zai tashi da ya ga hasken ƙaramin. S1 in ƙaramin yana saitin hannu, S2 in yana TTL, don ya tsallake ɗan hasken gwajin da ke fara fita. Matsalar ita ce ƙaramin ma yana shiga hoton, kuma dole ka taka zuwa ƙafar duk lokacin da za ka canza ƙarfi. Ni dai tiriga ce ta ƙarshe da zan ce a haƙura da ita.

Sabon_Hannu
Mutum biyu fa, ko uku? Sai na ƙara filash na biyu?

Dattijon_Studiyo
A'a, ɗana, ja fitilar baya ka dawo da ita kusa da layin kyamara. In laima tana mita ɗaya daga na kusa, na nesa yana mita 1.4, bambancinsu mataki ɗaya cur. In ka kai ta mita uku, ɗayan yana 3.4, bambancin kusan sulusin mataki ne, ido ba ya kama shi. Za ka biya da ƙarfi da laushi: daga mita ɗaya zuwa uku sai ka ƙara sama da mataki uku, wato daga 1/16 zuwa 1/2 ko fiye, shi ya sa ISO 400 yake da amfani a nan. Ɗaga ta sama don inuwar ɗaya ta faɗa bayansa, ba kan fuskar ɗan uwansa ba. Wanda ya fi duhun fata ko tufafi ya zauna kusa da fitilar.

Zahra_Lens
Filash na biyu yana da ranarsa, amma ba don cike inuwa ba. Amfaninsa shi ne raba mutum da bango: a ajiye shi a baya ta gefe, kishiyar laimar, sama da kai, ba laima, zum a 85mm ko 105mm, ƙarfi 1/64 ko 1/32, ya zana siririn haske a kafaɗa da gefen kai. A tare shi da ɗan baƙin kwali ta ɓangaren kyamara don kada ya shiga lens ya wanke hoton. A sa shi a rukunin B don a iya saita shi daban.

UmmuHaske
Ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. TT600 ba shi da fitilar duba inuwa mai ci tsaye, kuma in aka kashe fitilun ɗaki kamar yadda Launi_Daidai ya ce, ƙwayar ido tana buɗewa ta yi baƙi, kyamara ma ta riƙa neman ido tana rasawa. Ƙaramar LED ta aljihu mai 5600K, a ɗaure ta a jikin ƙafar tana haska cikin laimar, za ta nuna masa inda inuwa take, ta taimaka wa kyamara, kuma a 1/200 da f/4 da ISO 200 ba za ta yi tasiri a hoton ba.

Baffa_Filash
Wannan kam na goyi baya, in dai ƙarama ce ba ta maye gurbin filash ba. Sai dai ya ɗaure ta daf da kan filash ɗin, Hajiya. In ta yi ƙasa a jikin sandar, inuwar da zai gani da ido za ta sha bamban da wadda za ta fito a hoton. Igiyar roba ɗaya ta isa ta riƙe ta a gefen kan, amma kada ta rufe gilashin gaba.

Mai_Koyo22
Baffa, laimar 84 ko 110 ga ɗakin da silin ɗinsa bai kai mita uku ba?

Baffa_Filash
In mutumin a zaune yake, 110 za ta shiga. In a tsaye za ka ɗauke shi, saman 110 zai iya kusantar silin da zarar tsakiyarta ta wuce kansa, sai ka ɗauki 84 ka matso da ita kusa, ko ka zaunar da shi a kan kujera mara jingina.